Me Ya Sa Jiragen Ruwan Yawon Shaƙatawa Suke Ta Komawa Tsibirai Guda?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke zaune a birnin Houston na jihar Tekzas a Amurka ya rubuto mana yana cewa, shi da iyalinsa sun saba shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa a lokacin hutu, har sun yi tafiya shida daga tashar Galveston. Ya ce a biyar daga ciki sai da aka sauke su a tsibirin Kozumel, har ta kai yaransa sun haddace kantunan bakin tashar. Shi ne yake tambaya, shin tsibiran ne suka ƙare, ko kuwa wayo ne kamfanoni suke yi wa mutane? Sannan yaya mutum zai yi ya ga sabon wuri ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Amma kafin mu shiga amsa, bari mu ɗan yi wa sauran jama'a bayanin irin jirgin da kake magana a kai, don ba kowa ne ya san shi ba. Jirgi ne wanda ba ya kai mutum ko'ina, wato inda ya ɗauke ka nan zai dawo da kai. A ciki akwai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da wuraren wanka da na wasanni, kamar dai babban otel a kan ruwa. Da dare yana tafiya, da safe sai ya yada zango a wani tsibiri, fasinjoji su sauka su yi yawo kamar awa takwas, kafin magariba kowa ya dawo a tashi. A shekarar 2024 mutane sama da miliyan 34 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya, kuma babu yankin da ya kai tekun Karibiyan samun kaso mai yawa daga cikinsu.

Tsibirai dai ba su ƙare ba. Ƙasar Bahamas kaɗai tana da tsibirai manya da ƙanana kimanin 700, ko da yake kamar 30 ne ake zaune a kansu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsibirin da ƙaton jirgi zai iya kaiwa, ya tsaya, ya kuma dawo gida cikin mako guda. Nan gizo ke saƙar.

Mu fara da nisa. Yawancin masu shiga jirgin nan ma'aikata ne, hutun mako guda suke da shi, saboda haka kamfanoni suka gina harkarsu a kan kwana bakwai ko ƙasa da haka, a tashi Asabar ko Lahadi a dawo ranar da aka tashi. Jirgin kuwa bai cika wuce gudun kilomita 40 a awa guda ba, kuma in an matsa masa ya yi wannan gudun, mai yake sha kamar ba gobe, don haka matuƙa sun fi son su tafi a hankali. To kai da kake tashi daga Galveston, tsakaninka da Kozumel akwai kusan kilomita 1,300, tafiyar da ta fi kwana guda cur a kan ruwa ba a ga ƙasa ba. In ka cire kwanakin zuwa da na dawowa, abin da ya rage maka zango uku ne, kuma dole su kasance kusa da juna. Wuraren da suka cika wannan sharaɗi sun haɗa da Kozumel da Costa Maya a Meziko, da tsibirin Roatan na Honduras, da Belize, wani lokaci kuma Jamaika da Grand Cayman.  In tafiyar ta kwana huɗu ce ko biyar, to da wuya ka tsallake Kozumel. Barbados kuwa tana da nisan da ya kai kilomita 4,000 daga inda kake, kafin jirgi ya je ya dawo mako ya ƙare ba a sauka ko'ina ba.

Masu tashi daga jihar Fulorida, wato Miyami da Fort Lauderdale da Port Canaveral, sun fi ka zaɓi, amma su ma kukansu ɗaya da naka, sai dai su Nassau ce babban birnin Bahamas ta ishe su. Kilomita 290 ne kacal tsakaninta da Miyami, jirgi ya tashi da yamma ya wayi gari a can. In an nufi gabas kuma sai St. Thomas da St. Maarten da San Juan. Waɗannan sunaye su ne za ka yi ta gani a jadawalin kamfani bayan kamfani.

Dalili na biyu shi ne girman jiragen kansu, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe. A shekarar 1970, lokacin da kamfanin Royal Caribbean ya fito da jirginsa na farko mai suna Song of Norway, fasinjoji ɗari bakwai da 'yan kai yake ɗauka. Irin wannan jirgi kusan kowace tasha yana iya shiga. A 1996 kamfanin Carnival ya fito da Carnival Destiny, jirgin fasinja na farko da awon girmansa ya haura tan 100,000. A 2009 aka ga Oasis of the Seas, wanda ya ninka wancan sau biyu har da ɗoriya. A watan Janairun 2024 kuma Icon of the Seas ya fara aiki daga Miyami: tsawonsa mita 365, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere, yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Dalilin wannan girma a fili yake, kyaftin ɗaya ne, injin kuma bai ninka shan mai yadda ya ninka fasinja ba, don haka kuɗin ɗaukar mutum ɗaya ya ragu, tikiti ya yi sauƙi. To amma fa duk wanda ya sayi tirela ya san ba kowane lungu za ta shiga ba. Jirgi irin wannan yana bukatar ruwa mai zurfi, da doguwar matsaya mai ƙarfi da zai jingina a kai, da fili mai faɗi da zai juya. Bayan wannan, garin da za a juye wa mutum dubu shida a safiya guda dole ya kasance yana da motocin safa da tasi da banɗakuna da masu jagora da za su ishe su. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Inda babu matsaya, jirgi yakan jefa anka a nesa da gaɓa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jiragen fito. Haka ake yi a George Town ta Grand Cayman, haka ma a Belize. Da jirgi mai mutum dubu ɗaya wannan ba wani abu ba ne. Da mai dubu shida kuwa, rabin yini zai tafi a layi, in kuma teku ta yi fushi sai a fasa saukar gaba ɗaya. Shi ya sa jirage mafiya girma ba sa zuwa irin waɗannan wurare. Wasu ƙasashe da suka ga ciniki zai wuce su sai suka gina sabuwar tasha daidai da girman jiragen. Alal misali Jamaika ta buɗe tashar Falmouth a 2011 musamman saboda jirage irin su Oasis, Nassau kuma ta kashe kimanin dala miliyan 300 ta sabunta tata, aka buɗe a 2023, tana ɗaukar jirage shida a lokaci guda. Ka ga ke nan wanda yake da tasha shi ne yake ƙara samun jirage, wanda yake samun jirage kuma shi ne yake da kuɗin ƙara gina tasha. Kozumel da mazaunanta ba su kai 100,000 ba ta karɓi baƙin jirgi sama da miliyan 4 a shekarar 2019.

Yanzu sai batun wayon da ka tambaya. E, akwai lissafin kuɗi a ciki, kuma ba a ɓoye yake ba. Kuɗin tikiti ba shi kaɗai kamfani yake dogara a kai ba, kaso mai tsoka na ribarsa daga abin da fasinja yake kashewa ne bayan ya shiga jirgi: abin sha, kantuna, gidan caca, da yawon da kamfani yake shirya wa mutane in an sauka. A mafi yawan tashoshi, muddin jirgi yana tsaye, kantunansa da gidan cacarsa a rufe suke, fasinja kuma yana can cikin gari yana kashe kuɗinsa a hannun wasu. Wannan ne ya sa kamfanoni suka fara neman wuraren kansu. Norwegian ne ya buɗe ƙofa a 1977 da tsibirin Great Stirrup Cay a Bahamas. Royal Caribbean ya karɓi hayar Labadee a arewacin Haiti a 1986, wanda ma ba tsibiri ba ne, wani zirin ƙasa ne da aka kewaye da shinge. Holland America ya buɗe Half Moon Cay a 1997, Disney ya buɗe Castaway Cay a 1998. A 2019 Royal Caribbean ya kashe dala miliyan 250 ya mayar da tsibirinsa na CocoCay filin wasannin ruwa, a shekarar ce kuma MSC ya buɗe Ocean Cay a wurin da a da ake haƙar yashi. Carnival ya buɗe Celebration Key a tsibirin Grand Bahama a 2025. A irin waɗannan wurare, tun daga laimar da ka haya har abin da ka sha, kuɗin aljihun kamfani yake komawa.

Akwai kuma tashoshin da suke cikin ƙasar mutane amma kamfani ne ya gina su, kamar ta Grand Turk da aka buɗe a 2006 da Amber Cove a Jamhuriyar Dominika da aka buɗe a 2015, duka na rukunin Carnival. A nan sai ka lura da wani abu. Princess da Holland America duk a ƙarƙashin rukunin Carnival suke, Celebrity kuma na rukunin Royal Caribbean ne. Saboda haka mutum zai iya canza sunan jirgi yana murna zai ga sabon wuri, ya wayi gari a tashar da ya baro bara, don uwar ɗakin ɗaya ce.

Mu dai a ganinmu, ƙirga irin wannan tsibiri a matsayin zango cika baki ne. Yashi fari ne, ruwa garau, babu mai damunka da talla, kuma gaskiya masu ƙananan yara da yawa sun fi son haka. Amma babu kasuwa, babu unguwa, babu masallaci ko coci da mutanen gari suke shiga, babu wanda za ka zauna ka yi hira da shi in ba ma'aikacin kamfani ba. Mutum zai dawo ya ce ya je Bahamas alhali bai taka garin kowa ba. In jadawali ya ce zango huɗu, biyu daga ciki irin waɗannan ne, to zango biyu ka saya.

Abin da ke sa ƙananan ƙasashe ba sa iya ɗaga murya sosai shi ne, otel ba ya tashi, jirgi kuwa yana tashi. A 1999 Carnival ya janye jiragensa daga Grenada bayan saɓani kan harajin dala ɗaya da rabi a kan kowane fasinja, wanda aka sa don kula da shara. A ƙarshen 2024 majalisar Meziko ta amince da harajin dala 42 a kan kowane baƙon jirgi, kamfanoni suka yi ca, aka zauna aka sasanta a kan dala 5 daga watan Yulin 2025, a riƙa ƙarawa a hankali. In Meziko mai Kozumel a hannu ta sassauta haka, to ina ga tsibiri mai mutum dubu ɗari? Tashar da ta fi sauƙin haraji da sauƙin sha'ani ita ce take zama a jadawali, mai sayar da kwakwa da direban tasi a ɗaya tsibirin kuwa su ne suke kwana da yunwa in an cire sunan garinsu.

Akwai kuma wata tsohuwar dokar Amurka ta shekarar 1886 wadda ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa yin jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka. Kusan duk manyan jiragen nan kuwa rajistar Bahamas ko Panama ko makamantansu gare su, don haka in sun tashi daga Amurka dole su taɓa wata ƙasar waje kafin su dawo. Nassau da Kozumel suna cikin mafi kusa da za su sauke wannan farali. Inda dokar ta fi ban mamaki shi ne a Hawayi. Jirgin da ya taso daga Kalifoniya yakan ɗan tsaya a Ensenada ta Meziko na 'yan awoyi don cika ƙa'ida kawai. A farkon shekarun 2000 jirgin Norwegian da ke zagaya tsibiran Hawayi sai da ya riƙa yin doguwar tafiya kudu zuwa tsibirin Fanning na ƙasar Kiribati ya dawo, har zuwa lokacin da kamfanin ya sami jirage masu tutar Amurka, cikinsu har da Pride of America da ya fara aiki a 2005.

Siyasa da yanayi su ma sukan rufe ƙofa. Kyuba ce tsibiri mafi girma a yankin, ga ta a bakin Fulorida, kuma a watan Mayun 2016 jirgin Adonia ya tashi daga Miyami zuwa Havana bayan shekaru masu yawa ba a yi ba. A watan Yunin 2019 gwamnatin Trump ta hana, jiragen da suka sayar da tikitin Havana suka koma tsofaffin zangunansu. A 2024 rikicin Haiti ya sa aka dakatar da zuwa Labadee na wani lokaci. A watan Satumban 2017 kuma mahaukaciyar guguwar Irma da ta Maria suka yi wa St. Maarten da St. Thomas da Puerto Rico da tsibirin Dominica kaca-kaca, aka karkata jirage da yawa yamma na tsawon watanni.

Wasu wuraren kuwa mutanen gari ne da kansu suka ce ya isa. A watan Nuwamban 2020 mazauna Key West suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita masu sauka zuwa 1,500 a rana da hana manyan jirage, sai majalisar jihar Fulorida ta soke hukuncin a 2021. A Bora Bora da ke tekun Fasifik an taƙaita baƙin jirgi zuwa 1,200 a rana daga 2022. A watan Afrilun 2025 mutanen Cayman suka yi ƙuri'ar raba-gardama kan gina matsayar manyan jirage, mafi rinjaye suka ce a'a, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne tsoron lalata duwatsun murjani da ke bakin George Town. Ba ma ganin laifinsu. Amma sakamakon shi ne manyan jirage suna ƙara cunkushewa a 'yan tashoshin da suka rage.

To yaya za ka yi? Abu mafi amfani shi ne ka canza inda kake shiga jirgi, ba kamfani ba. Ka hau jirgin sama zuwa San Juan ta Puerto Rico, ko Bridgetown ta Barbados, ka shiga jirgin ruwa daga can. Tsibiran gabas da kudu a jere suke kamar carbi, tsakanin San Juan da St. Thomas bai fi kilomita 130 ba, don haka a mako guda kana iya samun zango biyar ko shida maimakon uku. Kuma a nan ne bambancin yake na gaske. St. Maarten ƙaramin tsibiri ne da Faransa da Holan suka raba tun 1648, ka karya kumallo a ɓangare ɗaya ka ci abincin rana a ɗaya. Martinique yankin Faransa ce, kuɗin Yuro ake kashewa. St. Lucia tana da tagwayen duwatsun nan masu tsini da ake kira Pitons. Dominica daji ce da koguna da tafki mai tafasa, kuma a can ne ragowar mutanen Kalinago, waɗanda Turawa suka tarar, suke da yankinsu. Grenada gidan gyaɗar ƙamshi ce, har a tutarsu suka sa ta. A Willemstad ta Curaçao akwai gadar da take shawagi a kan ruwa tana buɗewa jirgi ya wuce, da gidan tarihi na Kura Hulanda da ke ba da labarin cinikin bayi. Wannan kuwa ya shafe mu, domin akasarin mutanen waɗannan tsibirai jikokin waɗanda aka kwaso ne daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, in ka shiga kasuwarsu ka ga kuɓewa da doya da rogo za ka gane.

In ba ka son hawa jirgin sama, to nemi tafiya ta kwana goma zuwa sha huɗu, irinta takan kai Aruba da Curaçao da Bonaire daga Fulorida, tafiyar da ta fi kilomita 1,800. Ka kuma duba girman jirgi kafin ka duba kyansa. Tsofaffin jirage masu mutum dubu biyu sukan shiga inda sababbi ba sa iyawa, ƙananan masu mutum ɗari biyu ko uku kuwa har Bequia da Nevis da Jost Van Dyke suna zuwa, sai dai tikitinsu da tsada, kuma babu wuraren wasan da yara suka saba. Ka auna da aljihunka da kuma shekarun yaranka.

Kafin ka biya, karanta jadawalin da kyau: ƙarfe nawa za a isa, ƙarfe nawa za a tashi, a matsaya za a tsaya ko fito za a yi, kuma wane ne mai tashar. Tashoshi da yawa suna buga jerin jiragen da za su zo kowace rana a intanet, ranar da ka ga jirage shida a wuri guda, to ka san kasuwa za ka shiga. Ka kuma sani cewa yarjejeniyar da ke jikin tikitinka ta ba kamfani damar canza zango ko soke shi, kuma galibi abin da za a mayar maka bai wuce harajin tashar ba. Wannan ya fi faruwa a lokacin guguwa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, musamman Agusta zuwa Oktoba, lokacin da tikiti ya fi araha. In wani tsibiri guda ne ya ja ka, kada ka sayi tikitin Satumba. Aruba da maƙwabtanta biyu suna kudu da hanyar da guguwa ta saba bi, sun fi sauran tabbas.

In kuma dole ta sa ka sake komawa Kozumel, to wuce kantunan bakin tasha. A cikin tsibirin akwai kufan San Gervasio, wurin bautar mutanen Maya na da. Jirgin fito yana tsallaka mutane zuwa Playa del Carmen cikin minti 45 ko ƙasa da haka, daga can kuma kamar awa guda a mota zuwa Tulum, tsohon garin Maya mai ganuwa da ke kan dutse a bakin teku. Sai dai ka riƙe agogon jirgi ba na gari ba, domin wani lokaci sukan bambanta da awa guda. Wanda ya bi yawon da kamfani ya shirya, in motarsu ta makara akan jira su. Wanda ya tafi da kansa ya makara kuwa ba a jiransa, kuma kuɗin jirgin saman da zai kai shi zango na gaba daga aljihunsa zai fito, saboda haka ka sauka da fasfo ɗinka ko hotonsa da lambar wayar wakilin jirgi da ake bugawa a takardar shirin rana.